Inda Sauka Take Zuwa Kafin Hawa

Duk ɗalibin da ya taɓa bin mu zuwa hawan dutse ranar Asabar ya san yadda abin yake tafiya. Wahala takan soma tun daga gindin dutsen. Ana haki, ana gumi, wannan yana kuka da takalmi, wancan yana tambaya ko da sauran nisa. Wanda ya kasa sai ya nemi inuwa ya zauna, ko kuwa ya juya ya gangara abinsa. Dutse yana da wannan kirki, yakan nuna wa mutum iyakar ƙarfinsa da wuri, hanyar komawa gida kuwa gangara ce. Da kwamitin wannan mujalla ya roƙi sashen labarin ƙasa ya kawo wani abu da Hausa, sai muka ga ya kamata mu ba ku labarin wani wuri inda Ubangiji ya juya wannan tsari, ya sa sauƙi a farko, wahala kuma a ƙarshe.

Wurin yana jihar Arizona ta ƙasar Amurka, sunansa Giran Kanyon, wato Babban Kwazazzabo. Kun san kwazazzabon da ruwan sama yakan ci a gefen gona har ya hana amalanke wucewa. To, irinsa ne, sai dai wannan kogin Kolorado ne ya ci shi a tsakiyar hamada, tsawonsa kilomita 446, kusan tafiyar Abuja zuwa Kano a mota. A wani wurin fāɗinsa ya kai kilomita 29, zurfinsa kuma ya kai mita 1,800, wato kusan tsayin ƙwanƙolin duwatsun Shere na kusa da Jos in an auna daga bakin teku. Gwamnatin ƙasar ta mai da shi gandun ƙasa a shekarar 1919, kamar yadda aka keɓe Yankari a nan wajenmu, sai dai su abin da ake zuwa gani ba giwaye ba ne, ramin ne kansa. A shekarar 2024 kusan mutum miliyan 5 suka ziyarci wurin. Yawancinsu sukan tsaya a baki ne, su leƙa, su ɗauki hoto, su koma mota. Maganarmu a kan waɗanda suke shiga ciki da ƙafa ne.

Kafin mu shiga, bari mu ambaci wani malamin makaranta, gama mu ma muna son a san cewa malamai sun taɓa yin abin faɗa. Sunansa John Wesley Powell. Mahaifinsa mai wa'azi ne na ikilisiyar Metodis, shi ya sa ya sa masa wannan suna. Ya koyar a makaranta, ya shiga soja lokacin yaƙin basasar ƙasarsu, ya rasa hannunsa na dama a 1862. Da hannu ɗayan nan ya jagoranci mutum tara cikin kwalekwale huɗu a 1869, suka bi ruwa wata uku har suka ratsa kwazazzabon. Ɗaya ya janye tun da wuri. Uku kuma suka gaji da yunwa da tsoron ruwa, suka bar kwalekwale suka kama hawan bango da ƙafa, saura kwana biyu kacal a fita. Ba a sake ganinsu ba. A wannan tafiya ce ƙungiyar ta iske wani kogi mai laka da wari, suka sa masa suna Ƙazamin Shaiɗan. Wani rafi kuma mai ruwa garau da suka iske a ƙasan kwazazzabon, daga baya Powell ya kira shi Burait Enjel, wato Mala'ika Mai Haske, don kada Shaiɗan ya zauna shi kaɗai a taswira. Ɗan mai wa'azi ke nan. Sunan rafin ne ya bi hanyar ƙafar da ta fi kowace suna a gandun.

Wannan hanya ta Mala'ika Mai Haske takan tashi daga bakin kudu, inda ƙasa take da tsayin kusan mita 2,100 bisa teku, ta yi ta lanƙwasa tana gangarawa har kilomita 15 zuwa zangon kwana na kusa da kogi. Daga sama zuwa can an sauka fiye da mita 1,300. An gina rumfar hutu a kilomita 2.4, wata a kilomita 4.8, sa'an nan akwai wani wuri mai itatuwa da ruwa a kilomita 7.2, wanda za mu koma kansa daga baya. Alfadarai ma suna bin hanyar ɗauke da mutane da kaya, doka kuwa ita ce in kun haɗu, kai mai ƙafa biyu ka raɓe jikin bango ka tsaya cik har su wuce.

Mu uku daga cikin malamai mun taka wannan hanya a wani watan Yuni, sa'ad da wata ikilisiya ta can ta gayyace mu taro. Wani dattijon ikilisiyar ne ya kai mu, mutum mai furfura wanda ya daɗe yana bin hanyoyin gandun. Ya tashe mu tun da asuba, ya duba gorar ruwan kowa, ya cusa mana gyaɗa mai gishiri a aljihu. Da muka soma sauka akwai sanyi har muna sanye da rigunan sanyi. Hanyar tana da faɗi, ƙafa tana tafiya da kanta, ga bango ja da fari da rawaya shimfiɗe bisa juna kamar an jera tabarmi. Muka wuce ta ƙofofi biyu da aka huda cikin dutse, muna hira muna dariya, kafin mu ankara har mun kai rumfar farko cikin minti 50. Nan dattijon ya ce a ci gyaɗa, a sha ruwa, a juya. Ɗayanmu ya ce, "Baba, ai ko gumi ba mu yi ba, ga rumfa ta biyu can muna hangenta." Dattijon ya yi murmushi ya ce, "Malam, ɗaga kanka ka dubi inda muka fito." Muka ɗaga kai. Bakin kwazazzabon yana can bisa, mita 340 a kanmu, mutanen da ke tsaye a wurin sun zama kamar tururuwa. Komawar ta ci mana sa'a biyu ba kaɗan, ga rana ta fito, rigunan sanyi sun koma kaya. Sau da yawa mukan ga bakin kamar mun kai, sai hanya ta sake lanƙwasawa. A nan muka tuna da maganar Kanawa cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Abu biyu suke haɗuwa su yaudari mai tafiya a wannan wuri. Na farko shi ne wanda muka faɗa, gangara ba ta gaya wa jiki gaskiya. Ma'aikatan gandun sukan ce a lissafa hawa a kan ninki biyu na lokacin sauka, wato in kana da sa'a 6, to da cikar sa'a 2 ka juya, ko da kana ji kamar za ka iya kokawa da sa. Na biyu shi ne zafi. A dutse, ƙara hawa ƙara sanyi. A kwazazzabo kuwa ƙara sauka ƙara zafi, domin iska tana ƙara dumi a ƙasa, baƙaƙen duwatsun ciki kuma suna shan rana su yi ta fesowa kamar tanda. Ranar da ake da digiri 28 a baki, a gindi takan wuce 40, a tsakiyar bazararsu ma takan kai 49 a inuwa. Iskar busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa tun bai jiƙa riga ba, mutum ba ya sanin yawan ruwan da ya fita daga jikinsa. Saboda haka wanda ya sauka da safe cikin nishaɗi, yakan iske kansa da tsakar rana a wuri mafi zafi, da ƙafafu gajiyayyu, da gora rabi, ga dukan hawan yana jiransa. A dutse wanda ya kasa yana iya fasawa. A nan ba fasawa, gama gida yana sama.

Hukumar gandun ta ce ana ceto fiye da mutum 250 daga ciki kowace shekara, waɗansu da jirgi mai saukar ungulu. Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne irin mutanen da ake cetowa. Za ku yi tsammani tsofaffi ne da marasa lafiya. Ma'aikatan kuwa sun sha faɗa cewa da yawa matasa ne majiya ƙarfi. Tsoho ya san gwiwarsa, yakan juya da wuri. Saurayi kuwa ƙarfinsa yakan kai shi nesa, inda komawa ta fi ƙarfin kowa. A watan Yuli na 2004 wata ɗaliba mai koyon aikin likita, 'yar shekara 24, ta mutu a ciki. Gwanar gudu ce, ta yi tseren Boston na kilomita 42 cikin sa'a 3 da 'yan mintoci. Ita da abokin tafiyarta sun ɗauka zagayen da za su yi kilomita 24 ne, ashe ya wuce 43. Ruwan da ta ɗauka lita ɗaya da rabi ne, da ɗan abin taɓawa, ba taswira. Ruwa ya ƙare da rana tsaka, abokin ya kasa ya kwanta a inuwa, ita kuma ta ci gaba ita kaɗai neman taimako. Shi ya rayu, ita aka tsinci gawarta. Daga baya hukumar ta buga hotonta a allunan gargaɗi na bakin hanyoyi. Yarinya ce mai ilimi, mai horo, wadda ta san aikin jikin mutum fiye da yawancinmu. Muna roƙon 'yan ƙungiyar wasanninmu, musamman masu kofunan gudu, su sake karanta wannan sakin layi.

Bayan mace-macen zafi na shekarar 1996, gandun ya kafa wani sashe a 1997 wanda aikinsa shi ne hana haɗari tun bai faru ba. Ma'aikata da 'yan sa kai sukan tsaya a kan hanya, su tare mai sauka, su tambaye shi ina za shi, ruwa nawa ya ɗauka, me zai ci, ya san ƙarfe nawa ne. Shawararsu ba ta canzawa: kada a yi tafiya tsakanin ƙarfe 10 na safe da 4 na yamma a lokacin zafi, kada kuma a yi ƙoƙarin zuwa kogi a dawo a yini ɗaya. Aikin ba shi da armashi, ba a ba mutum lambar yabo domin haɗarin da bai faru ba, wanda aka tare kuma sau da yawa yakan tafi yana gunaguni. Mu malaman da muke tsaron ɗakin kwana mun san wannan gunaguni sarai.

Batun gyaɗar dattijon nan ma ba wasa ba ne. Gumi ba ruwa kaɗai yake fitarwa ba, har da gishiri. Wanda ya yi ta ɗura ruwa zalla bai ci kome ba, gishirin jininsa yakan ragu, sai ciwon kai, da amai, da ruɗewa, har suma. Alamun suna kama da na ƙishirwa, sai na kusa da shi su ƙara ba shi ruwa, abin ya ƙara muni. Wannan ba baƙon ilimi ba ne a gare mu. Kowace uwa da ta taɓa kai yaro asibitin mishan da gudawa an koya mata haɗa ruwan gishiri da sukari, dalilin kuwa ɗaya ne.

Za ku ce, ina ruwanmu da ramin da ke wata nahiya? Ku tuna da ziyarar da mukan kai matsirgar ruwa bayan jarrabawa. Mota takan tsaya a sama, a gangara zuwa ruwa da gudu da ihu, a yi wasa har la'asar, sa'an nan a tuna cewa akwai hawa. Kullum 'yan aji ɗaya ne suke shan wuya, manya sun riga sun kai mota suna cin burodi. Shi ya sa muka tsai da shawara a sashenmu cewa daga yanzu malamin da ke jagora zai faɗi lokacin juyawa tun ana cikin mota, ba za a sake tattauna shi a bakin ruwa ba, kuma za a auna tafiyar da ƙafar ƙaramin cikinmu. Wani malami zai kasance a ƙarshen layi. Kowa zai zo da gorarsa da ƙuliƙuli ko gyaɗa. Mun san 'yan aji shida za su ce an mai da su yara. Sai su yi haƙuri.

Akwai wani gandu kuma a jihar Yuta, arewa da wannan, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa ɗan ikilisiya ya saurara, gama Sihiyona ake kiransa. 'Yan ɗariƙar Mormon da suka zauna a kwarin ne suka sa masa sunan, ya zama gandun ƙasa a 1919 shi ma. A 1916 wani fasto na Metodis, Frederick Fisher, ya zaga wurin da abokansa suna raɗa wa duwatsu suna. Manyan duwatsu uku da ke jere suka zama Ibrahim da Ishaku da Yakubu. Wani kuma mai tsayin mita 450, siriri kamar wuƙa, aka ce mala'ika ne kaɗai zai iya sauka a kansa, aka kira shi Masaukin Mala'iku. Shekara goma bayan haka, a 1926, 'yan adam suka sassaƙa hanya zuwa can. Akwai wurin da ta lanƙwasa sau 21 a jere, ƙarshenta kuwa sai an riƙe sarƙar da aka kafa cikin dutse, rami dama rami hagu. Mutane sun faɗo sun mutu a wurin, cunkoso kuma ya yi yawa har daga watan Afrilu na 2022 sai da takardar izini ake hawa, ana samunta ta hanyar ƙuri'a. A ganinmu faston ya fi masu sassaƙa hanyar gaskiya.

Amma haɗarin Sihiyona da ya fi kama da namu shi ne ruwa. Akwai hanyar da ake bi ta cikin kogi, ana taka ruwa tsakanin bango biyu masu tsayin kusan mita 300, a wani wurin tsakaninsu bai fi mita 6 zuwa 9 ba. Ƙasar hamada ba ta shan ruwan sama da sauri. In hadari ya zuba a can nesa bisa tudu, ruwan duka yakan taru ya bi ta waɗannan matsatsun wurare ɗauke da itatuwa da duwatsu, alhali a inda kake rana ce tar. A watan Satumba na 2015 mutum 7 suka mutu haka a wani ƙaramin kwazazzabo na gandun. Kafin wannan, a watan Agusta na 1997, mutum 11 suka hallaka a kwazazzabon Antilof, a ƙasar ƙabilar Nabaho cikin Arizona, ruwan da ya cinye su kuwa ya sauka ne kimanin kilomita 11 daga inda suke. Wanda ya girma a ƙauye ya san wannan. Iyayenmu sukan hana mu wasa a yashin busasshiyar ƙorama da damina in sun ga gabas ta yi baƙi, ko da ɗigo ɗaya bai sauka a garin ba.

Wani ɗalibi zai tambaya, kamar yadda akan tambaye mu a aji, shekarun waɗannan duwatsu nawa ne. Masana ilimin duwatsu sun ce farin dutsen da ke bakin Babban Kwazazzabo ya kai shekara miliyan 270, akwai kuma bawon halittun teku a cikinsa, baƙin dutsen da ke gindi kuwa ya kai miliyan 1,700. Waɗansu 'yan'uwa masu bi suna danganta ramin da ruwan tsufana na zamanin Nuhu. Mu dai abin da ke cikin manhaja muke koyarwa, ba mu kuwa taɓa jin yawan shekarun ya rage girman Mahalicci a zuciyarmu ba. Mu huɗun nan da muka tsaya a bakin da asuba, ba wanda ya ce a yi addu'a, sai kawai muka ga mun cire huluna.

Saura mu cika alkawarin da muka yi game da wurin nan mai itatuwa a kilomita 7.2 na hanyar Mala'ika Mai Haske. Ba Turawa ne suka fara wannan hanya ba. Mutanen wata ƙabila da ake kira Havasupai ne suka taka ta tun kaka da kakanni, suna bin tsagin da ke jikin bangon zuwa wata maɓuɓɓuga. Da bazara sukan sauka su noma masara da wake da kabewa a bakin ruwan, da hunturu su hau tudu su yi farauta. Daga baya wani ɗan kasuwa kuma ɗan siyasa, Ralph Cameron, ya gyara hanyar, ya kafa ƙofa, ya riƙa karɓar dala ɗaya a kan kowane mai wucewa. Rigimarsa da hukumar gandun ce ta sa aka sassaƙa wata hanya dabam a 1924 zuwa 1925, Kaibab ta Kudu, mai kilomita 11. Ta fi gajarta, ta fi kyan kallo domin tana bin doron tudu, amma babu ruwa ko ɗigo a kanta, inuwa ma sai ƙalilan. Masu hankali sukan sauka ta nan su hau ta waccan. Hanyar injiniya ta bi inda ido yake so, ta manoma kuwa ta bi inda ruwa yake.

A 1928 aka gina gadar ƙarfe da aka rataye bisa kogin a ƙarshen hanyar Kaibab. Igiyoyin ƙarfen da suke riƙe da ita kowace tsawonta ya kai mita 167, nauyinta kusan tan ɗaya, alfadari ba ya iya juyawa da ita a lanƙwasa. Mazajen Havasupai 42 ne suka jera, suka saɓa kowace igiya a kafaɗa, suka gangara da ita kamar ƙaton maciji. A wannan shekara ɗin dai, 1928, hukumar gandun ta kori mutumin ƙabilar na ƙarshe da ya rage yana noma a bakin maɓuɓɓugar, wani tsoho da Turawa suke kira Kyaftin Burro. Wannan abu bai yi kyau ba, ko da wane suna aka kira shi. Ƙabilar ta yi ta kai kuka har majalisar ƙasar ta mayar mata da eka 185,000 na ƙasarta a 1975, ko da yake gonakin maɓuɓɓugar suna cikin gandun har yanzu. Shekara da shekaru ana kiran wurin Lambun Indiyawa, sunan da su masu wurin ba su so. A 2022 aka canza shi bisa roƙonsu, ya zama Lambunan Havasupai. Nan ne masu hawowa daga kogi sukan zauna a ƙarƙashin itatuwa, su jiƙa rigunansu, su jira rana ta yi sanyi kafin su kama sauran mita 900 da ke bisa kansu.